Yadda ake samun siririn bakin alƙalamin tawada da ya dace da ƙananan rubutu

Mai ƙananan rubutu yakan gane inda matsalarsa take tun daga layin farko da ya ja da sabon alƙalamin tawada. Cikin haruffa irin su a da e da o yakan cike, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ takan manne da jikin harafinta, har mai karatu ya kasa bambance ƙafa da kafa sai ya nemi taimakon sauran jimlar. Idan kuma ajami ake rubutawa, ɗigo biyu sukan haɗe su zama ɗaya, wasali ya hau kan harafin da ya kamata ya tsaya a samansa. A mafi yawan lokuta laifin ba na hannu ba ne, na kaurin layin da bakin alƙalamin yake fitarwa ne, kuma ana magance shi ta ɗayan hanyoyi biyu: ko dai a sayi bakin da kamfani ya riga ya sirantar, ko kuma a ba gwani ya wasa bakin daidai da hannun mai shi. Hanya ta biyu ta fi biyan bukata ga wanda ya san abin da yake so, amma tun da ƙarfen da washi ya cinye ba ya dawowa, akwai aikin da ya wajaba a gama kafin alƙalami ya isa hannun mai washi.

Abin da ake wasawa

Bakin alƙalamin tawada ɗan fallen ƙarfe ne, na zinare ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda aka tsaga gida biyu daga tsini zuwa wani ɗan rami a tsakiyarsa, kuma ta wannan tsagar ce tawada take gangarowa daga magudanar da ke manne a ƙarƙashinsa. A can ƙarshen tsinin akwai wata 'yar ƙwaya ta ƙarfe mai tsananin tauri da aka liƙa da walda, ita ma a tsage, kuma ita kaɗai ce take taɓa takarda. Duk washin da za a yi a jikin wannan ƙwayar yake tsayawa, domin idan aka cinye ta aka kai ga zinaren da ke bayanta, bakin zai riƙa zaizayewa da sauri, kasancewar zinare ƙarfe ne mai taushi. Wannan ne ma ya sa bai kamata mai neman siririn layi ya ɗauka cewa bakin zinare mai karat 14 ko 18, ko mai 21 irin na kamfanin Sailor, zai fi na ƙarfe siranta ba. Zinare yakan sauya yadda bakin yake ɗan lanƙwasawa a hannu, amma kaurin layi daga siffar ƙwayar yake fitowa.

Wurin da ƙwayar take haɗuwa da takarda yana da faɗi daga hagu zuwa dama, yana kuma da tsawo daga gaba zuwa baya. Faɗin shi ne yake yanke kaurin layin da aka ja daga sama zuwa ƙasa, tsawon kuma yana yanke kaurin layin da aka ja a kwance. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci duk nau'o'in washi. Idan aka rage duka biyun daidai wa daida, an sami bakin allura, wanda layinsa siriri ne ta kowace fuska, kuma shi ne aka fi nema don ƙananan rubutu. A jerin farashin masu washi akan gan shi da alamar XXF ko XXXF. Idan aka bar faɗin aka rage tsawon, an sami bakin italik, mai kauri a tsaye da siranta a kwance. Idan kuma aka yi akasin haka, an sami wanda ake kira bakin masu zanen gine-gine, wasu kuma suna kiransa bakin Larabci, domin yana ba da siririn layi a tsaye da mai kauri a kwance, kamar yadda yawancin rubutun Larabci yake so. Wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana fere alƙalamin gamba, yana rage gefe, yana karkata yankan tsini, yana gwadawa a allo kafin ya sake ɗaukar wuƙa, ya riga ya ga ainihin wannan sana'ar. Bambancin kawai shi ne alaramma zai iya yar da wanda ya ɓaci ya fere wani.

A auna rubutu kafin a kashe kuɗi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a nemi mafi sirantar bakin da zai yiwu, alhali ba shi rubutun yake bukata ba. Duk lokacin da aka ƙara sirantar da tsini, nauyin hannu yana taruwa a ƙaramin wuri, bakin yana ƙara jin kowane zare na takarda, tawadar kuma tana fitowa da ƙarancin duhu. Saboda haka abin nema shi ne layin da ya fi kowanne kauri daga cikin waɗanda har yanzu suke barin cikin haruffa a buɗe.

Hanyar gano shi mai sauƙi ce. A rubuta sakin layi guda da rubutun yau da kullum, ba wanda aka ƙawata don gwaji ba, a kan irin takardar da aka fi amfani da ita, sa'an nan a ɗora rula a auna tsayin ƙananan haruffan da ba su da kai ko jela, kamar a da n da o. Masu koyar da rubutun italik na ado sun saba ba irin waɗannan haruffa tsayin da ya kai faɗin bakin alƙalami sau biyar, kuma a ganina wannan shi ne iyakar kaurin da rubutun yau da kullum zai jure. Ga mai rubuta Hausa, wanda yake son ƙugiyoyi su fito sarai, gara kaurin layi ya zama kashi ɗaya cikin shida ko bakwai na tsayin harafi. Wanda haruffansa suke da tsayin milimita 2 yana bukatar layi na kimanin milimita 0.3, wanda kuma nasa ba su wuce milimita 1.5 ba zai ji daɗin layin da ke tsakanin 0.2 da 0.25. Mai haruffan da suka kai milimita 3 ba ya bukatar washi ko kaɗan. Wani abin lura kuma shi ne lambobin da ake bugawa a jikin biro, irin su 0.38 ko 0.5, girman ƙwallon da ke bakin biron suke nufi, kuma layin da yake fitarwa yakan fi haka siranta, don haka ba daidai ba ne a ce wa mai washi ana son 0.5 kawai don biron 0.5 ya yi wa mutum daɗi. Gara a ja layi da biron a haɗa shi da samfurin rubutun da za a aika wa mai washi.

Abu na biyu da za a auna shi ne riƙo. A sa wani ya ɗauki hoto da waya daga gefe yayin da ake cikin rubutu, a ɗora ma'aunin kusurwa irin na akwatin lissafin 'yan makaranta a kan hoton, a ga digiri nawa ne tsakanin alƙalami da takarda. Yawancin mutane suna tsakanin digiri 40 da 55, amma waɗanda suka girma da biro sukan riƙe alƙalami kusan a tsaye, kuma masu ƙananan rubutu da yawa suna cikin wannan rukunin. A ɗauki wani hoton daga sama domin a ga ko ana murza alƙalamin zuwa hagu ko dama, a kuma bayyana idan mai rubutun bahago ne, domin bahagon da yake tura baki a kan takarda maimakon ya ja shi yana bukatar a fi zagaye masa gaban ƙwayar.

A fara da abin da kamfanoni suka riga suka yi

Alamun EF (siriri sosai) da F (siriri) da M (matsakaici) da ake gani a jikin baki ba ma'auni ɗaya ba ne a duniya, kowane kamfani da nasa. Abin da aka tabbatar shi ne bakunan Japan sun fi na Turai siranta da kimanin mataki ɗaya, ta yadda F na Japan yakan yi daidai da EF na Jamus, kuma dalilin bai ɓuya ba: haruffan kanji na rubutun Japan suna tara layuka da yawa a ɗan ƙaramin wuri, sai masu ƙera alƙaluman suka gina sana'arsu a kan haka. Manyan kamfanonin ƙasar uku duk sun haura shekara ɗari, Sailor tun 1911, Pilot tun 1918, Platinum kuma tun 1919. Wanda ya gwada EF na kamfanonin Jamus irin su Lamy ko Pelikan ya ga ya yi masa kauri bai kamata ya yanke hukuncin cewa sai washi ba, har sai ya gwada EF na Japan.

Gwajin ba ya da tsada. Platinum Preppy mai lamba 02 da Pilot Kakuno mai bakin EF alƙaluma ne na roba masu araha, kuma mako biyu na rubutu da ɗayansu zai nuna wa mutum ko hannunsa zai iya zama da siririn baki. Idan har yanzu ana son ƙari, Platinum yana da bakin UEF, wanda ya fi EF siranta, a jerin alƙalumansa na 3776 Century, Pilot kuma yana da bakin PO, wanda aka ɗan rusunar da tsininsa ƙasa, mai tauri, wanda aka yi tun asali don rubutu a kan katin wasiƙa, kuma yana jure takarda mara kyau fiye da sauran. Sai bayan an bi ta nan ne washi yake da hujja: ko dai mutum yana da alƙalamin Turai da yake ƙauna amma bakinsa ya yi kauri, ko riƙonsa ya saɓa wa na jama'a har bakunan kamfani suna kartar masa takarda, ko kuma yana son siririn italik, wanda da wuya a same shi a kanti.

Yadda ake ba gwani aiki

Mafi yawan masu wannan sana'a suna Amurka da Japan da Turai. Wasu suna zama a bukukuwan baje kolin alƙaluma, kamar waɗanda ake yi a Washinton da San Faransisko da Tokyo, inda suke kallon yadda mutum yake rubutu su wasa masa nan take, kuma wannan ce hanya mafi inganci ga wanda ya sami dama. Ga wanda yake nesa, aikawa da alƙalami mai tsada ta gidan waya, da jiran layi na makonni ko watanni, da biyan kuɗin aikawa sau biyu, duk nauyi ne da za a iya kauce masa. Akwai shagunan da suke wasa bakin kafin su aiko da sabon alƙalami, akwai kuma masu sayar da baki shi kaɗai wanda aka riga aka wasa. Alƙaluma da dama na kamfanoni daban-daban suna amfani da bakin JoWo ko na Bock, duka na Jamus, musamman mai girman lamba 6, wanda ake kwance shi da magudanarsa a ɗaura wani. Sai dai a tabbatar da wanne ne a cikin alƙalamin, domin zaren ɗaurin JoWo bai dace da na Bock ba.

Game da bakin da za a fara da shi, F ko M ya fi EF ba gwani filin aiki, saboda ƙwayarsa ta fi girma kuma zai iya sassaƙa mata siffar da ta dace da riƙon mai ita. Bakin Larabci yana bukatar ƙwaya mai tsawo, don haka akan fara shi daga M ko B, wato baki mai kauri. A sani kuma cewa washi yakan soke garantin kamfani.

Saƙon da za a haɗa da alƙalamin ya ƙunshi samfurin rubutu a kan ainihin takardar da ake amfani da ita, da hotunan riƙo, da kaurin layin da ake so a milimita, da sunan tawadar da za a riƙa sawa, da bayanin ko hannun mai nauyi ne ko mara nauyi. A faɗi gaskiya a wannan na ƙarshen, domin mai danna alƙalami da ya ce hannunsa ba nauyi zai karɓi bakin da zai buɗe masa cikin wata ɗaya. A kuma bayyana yawan tawadar da ake so bakin ya riƙa saki. Ga ƙananan rubutu matsakaici ya fi, domin baki mai yawan zuba yana mayar da layin 0.2 ya koma 0.3, mai ƙarancin zuba kuwa yana karta yana kuma yankewa. Idan ana shakka tsakanin ma'auni biyu, a zaɓi mai kaurin, tun da ana iya ƙara rage shi daga baya. Shawarata ga mai sha'awar italik ita ce kada ya sauka ƙasa da milimita 0.4 ko 0.5, domin ƙasa da haka bambancin layin tsaye da na kwance ba ya ganuwa, sai kaifin gefen kawai ya rage. Bakin allura mai lanƙwasa, irin wanda masu rubutun ado suke so, ba na rubutun sauri ba ne, a bar shi.

Idan alƙalamin ya dawo, kada a yi tsammanin santsin baki mai kauri. Bakin allura mai kyau yana ba da ɗan gurzo irin na fensir mai tsini, iri ɗaya ta kowace fuska. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya kama takarda idan an ja shi ta gefe ɗaya amma ya wuce sumul ta ɗaya gefen, ko ya riƙa tsinto zaren takarda a tsagarsa.

Tawada, takarda da yanayi

Baki ɗaya yana iya ba da layi biyu mabambanta a kan takardu biyu. A kan takardu masu inganci irin su Rhodia ko Clairefontaine ko Tomoe River tawada takan zauna inda aka ajiye ta, amma a kan takardar littafin makaranta ko ta hoton kwafi takan yi naso, layin ya kumbura, har ya ɓullo ta baya. Wanda aikinsa ya tilasta masa rubutu a takarda mai araha zai sami sauƙi da tawada mara saurin zuba irin Pelikan 4001, ko kuma mai sinadarin ƙarfe irin Salix ta kamfanin Rohrer & Klingner. Haka kuma tawada mai duhu ta fi dacewa, domin launin da ya yi kyau a baki mai kauri yakan koɗe a siririn layi har ya wahalar da ido. Tawadar allo da tawadar zane ba sa shiga alƙalamin tawada ko kaɗan, saboda ƙaron da ke cikin ta farko da dankon da ke cikin ta biyu suna toshe magudana.

A lokacin hunturu siririn baki yana bushewa cikin ɗan lokaci idan aka bar shi a buɗe, ƙura kuma tana shiga tsaga, don haka a saba rufe murfi da zarar an dakata, a kuma riƙa wanke alƙalamin duk bayan makonni kaɗan da ruwa mai tsabta wanda ba zafi, ba tare da fetur ko sifirit ba. A bazara kuwa iskar da ke cikin alƙalamin da tawadarsa ta kusa ƙarewa tana kumbura da zafi ta tunkuɗo tawada, sai a riƙa cika shi da wuri, kada kuma a bar shi a cikin mota.

Ga mai son gwadawa da hannunsa

Kafin a taɓa samfefa, a duba bakin da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninki goma ko fiye, ana fuskantar tsinin kai tsaye. Yawancin kartar da ake ɗora wa rashin washi daga rashin daidaiton ɓari biyun da tsaga ta raba ne, wato ɗaya ya ɗan fi ɗayan sauka. Ana gyara wannan da farce, a ɗaga wanda ya sauka a hankali, a sake dubawa, a maimaita har su zo daidai, kuma sau da yawa aikin ya ƙare ke nan. Goge bakin da ɓarinsa bai daidaita ba ɓata shi ne.

Washi na sosai a koye shi a kan alƙaluma masu araha irin Jinhao na China, a kuma sa rai za a lalata guda biyu ko uku. Ana bukatar samfefa mai laushi ƙwarai da ake jiƙawa da ruwa, wadda lambarta ta kai 2000, don fitar da siffa, da Micro-Mesh, wata irin samfefa mai matuƙar laushi, har zuwa lamba 12000 don gogewa, da ɗan fallen tagulla mai kaurin kimanin milimita 0.05 don share tsaga. A fara da gefuna, ana jan bakin a kan samfefa ba tare da dannawa ba, ana ƙirga adadin ja domin hagu da dama su sami daidai, in ba haka ba tsagar za ta kauce daga tsakiyar tsinin. Bayan kowane ja biyar ko shida a goge, a duba da gilashi, a tsoma a tawada a gwada. Idan layin tsaye ya kai yadda ake so, za a tarar na kwance har yanzu yana da kauri, sai a rage tsawon ƙwayar daga samanta da ɗan gabanta har layukan biyu su zo ɗaya. Daga nan a zagaye kusurwoyin da washin ya bari, ana riƙe alƙalamin a kusurwar da ake rubutu da ita, ana zana 'yan da'irori a kan Micro-Mesh tare da murza shi kaɗan hagu da dama.

A wannan matakin na ƙarshe ne aka fi ɓata aiki, saboda kwaɗayin ƙarin santsi. Idan gogewa ta yi yawa, gefunan tsagar na ciki sukan zagaye su ja da baya, sai tawada ta tsaya a cikin ɗan kwarin da ya samu ba ta taɓa takarda, alƙalamin ya riƙa ƙin fara rubutu sai an danna shi. A tsinin allura, inda ƙwayar da ta rage kaɗan ce, gyaran wannan yana nufin a sake cin ƙarfen da babu shi da yawa. Saboda haka da zarar bakin ya daina kama takarda ta fuskoki huɗu, a tsaya, a zura fallen tagulla a tsaga a fitar da garin ƙarfe, a wanke bakin da magudanarsa, a cika tawadar da aka saba da ita, a yi rubutu da shi na mako guda kafin a yanke shawarar ko yana bukatar a sake taɓa shi.